Murhun da Na Kafa a Bayan Greensboro

Ni ce na kawo maganar, ba shi ba. Ina faɗin haka tun farko domin duk wanda ya ji cewa mun taɓa shirin kwashe yara mu koma daji, inda babu turken wuta babu famfo, sai ya juya ya dubi Baban yara, wai irin tunanin 'yan boko ne. Bawan Allahn nan haifaffen cikin birni ne, ko zakara ne ya tare masa hanya sai ya kauce. Ni ce 'yar ƙauye, kuma ni ce na shekara ina yi masa naci.

A lokacin muna zaune a hawa na biyu na wani dogon gidan haya a bakin titin Wendover, cikin birnin Greensboro a ƙasar Turawa. Shi yana koyarwa a jami'a, ni ina aikin shirya kaya a wani ƙaton sito. Yaranmu biyu ne, babban namiji mai shekara goma, sai Auta wadda ba ta wuce biyar ba. Gidan ba shi da wani aibu da za ka nuna da yatsa, amma ni ya ishe ni. Motoci ba sa hutawa a titin nan. In na soya manja, ƙararrawar hayaƙi ta hau ihu sai ka ce gobara ta tashi. In na ɗora taɓarya a ɗan turmina, ko yara suka yi tsalle, matar da ke zaune a ƙarƙashinmu ta ɗauko sandar goge ɗaki ta yi ta dukan silin ɗinta har mu ji a tafin ƙafarmu. Ban taɓa sanin sunanta ba, dukan sandarta kawai na sani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran. Ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, idonsu na kan waya. Wata rana babban ya tambaye ni, in aka ɗauke wuta a garinmu wa muke kira. Na ce babu wutar ma balle a ɗauke ta. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya tashi a gidan yari. Ranar na kwana da haushi.

A wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, na fara kallon bidiyon wasu iyalai da suka bar gari suka koma cikin itatuwa, suna shan ruwan rijiya, suna girki da itace, wutarsu daga rana. Har suna suka yi wa abin, wai off-grid, suna ta rawar kai kamar su suka ƙirƙiro shi. Na ce to, ai ni a cikin wannan aka yanke mini cibiya. In waɗannan da ba su san bambancin ɗanyen itace da busasshe ba za su iya, ni mene ne zai gagare ni?

Baban yara ya kawo uzuri iri-iri. Makaranta, asibiti, masallacin Juma'a, macizai. Kowanne na ba shi amsa, macizan kuwa na ce ya bar ni da su. Yakan ce, "Wannan off-grid ɗin naki, Maman Auta, sai ya kai mu ya baro mu." Amma naci naci ne. A ƙarshe shi da kansa ya zo da labarin wani dattijo Bature da ke son sayar da fili da ɗan gidan katako a kansa, kusan tafiyar awa guda daga gari. Ya ce mu je in gani da idona, ko na huce.

Muka tafi wata Asabar, lokacin da sanyi ya fara ja da baya, itatuwa na toho, ƙurar furanni ruwan ɗorawa ta lulluɓe kowace mota. Na ɗauki tukunya da shinkafa da busasshen kifi da daddawa, don na riga na ƙudurta cewa sai na yi girki a filin nan kafin in ce ina so ko ba na so. Wuri ba ka saninsa sai ka ci abincin da aka dafa a ƙasarsa, haka na taso na ji. Kwalta ta ƙare muka hau tsakuwa, tsakuwa ta ƙare muka hau jar ƙasa. Can sai babban ya ɗago kai ya ce, "Baba, babu service," da muryar mai sanar da rasuwa.

Dattijon na jiranmu a bakin wata ƙofar ƙarfe, ya jingina da tsohuwar a-kori-kurarsa. Mutum ne mai sauƙin kai. Ya zagaya da mu, ya nuna mana farantan sola a kan rufi, da baturan da ke cikin wani akwati, da rijiya mai famfon tuƙa-tuƙa, da masai can gefe. Ya ce ƙanensa ne ya gina gidan, ya zauna shi kaɗai har gwiwoyinsa suka gaza. Ya ce mu wuni, mu sha iska, shi zai dawo da yamma ya kulle ƙofa. Muka tsaya muna jin ƙarar motarsa tana nisa har ta ɓace.

A nan na fara jin shirun. Mutane na cewa ƙauye shiru ne, ƙarya ce. A garinmu ko da tsakar rana za ka ji daka daga wani gida, ka ji jaki, ka ji wata tana ƙwala wa ɗanta kira, ka ji guga na bugun bakin rijiya. Nan kuwa babu ko ɗaya. Iska ce kawai can sama a kan dogayen itatuwa, ƙasa kuma ko ganye ba ya motsi. Na ji wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙeya, amma na ce wa kaina ai shi na zo nema. Da zan shiga gidan na yi sallama, kamar yadda bakina ya saba. Baban yara ya yi dariya ya ce, "Wa kike yi wa sallama, Hajiya?" Na ce wanda ya ji.

Akwai murhun ƙarfe a cikin gidan, mai bututu har rufi. Ko kallo bai ishe ni ba. Ni murhu nake so, na duwatsu uku, a fili, hayaƙi ya tashi ya tafi inda ya ga dama babu mai yi mini ihu. Na zagaya bayan gidan neman duwatsu. Akwai 'yar gangara, a ƙasanta kuma wani fegi da ya bambanta da sauran dajin. Ko'ina busasshen ganye ne, amma nan wata ciyawa mai yaɗo ta shimfiɗu kore shar, da ƙananan furanni shuɗaye. A cikinta ga duwatsu nan sun leƙo, ɗaya nan ɗaya can.

Duk macen da ta taɓa girki da itace ta san wahalar samun duwatsu uku masu tsayi ɗaya. Sai ka samu biyu sun yi daidai, na ukun ya karkatar maka da tukunya. Waɗannan kuwa kamar an auna su, masu faɗi, a tsaye, kawunansu a shafe. Raina ya yi fari. Na zaɓi uku, na riƙa girgiza su ina cirewa. Sun fi yadda na zata zurfi, rabinsu a cikin ƙasa yake, kowanne ya fito ya bar rami ja a bayansa. Na kira Baban yara ya kwaso mini su, yana nishi yana mita. Na ce, "Ka gani ko? Wurin nan har murhu ya tanadar mana."

Itacen da ɗan danshi, wutar ta ba ni wahala kafin ta kama, amma da ta kama sai na ji kamar an cire mini ƙaya. Na zauna a kan guntun kututture ina fifita, hayaƙi na shiga idona ina hawaye ina murna. Shekaru rabona da wannan ƙamshin.

Abin da ban zata ba shi ne Baban yara. Mutumin da ya fito daga mota yana duba inda zai taka, sai ga shi ya naɗe hannun riga yana tuƙa famfo, yana dariya da ruwan ya fito da sanyi. Ya samo gatari ya yi ta fama da wani gungume, bai faskara komai ba amma ya yi gumi. Suka yi alwala shi da babban, suka shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya suka yi Azahar. Da suka idar bai tashi ba, ya kishingiɗa yana kallon sama. Can ya ce, "Wallahi, Maman Auta, tun da na zo ƙasar nan kaina bai taɓa yin shiru irin na yau ba." Babban kuma ya manta da waya, ya tsinci kunkuru ya durƙusa yana bin sa. Na ce a raina, yau dai na yi nasara, saura a sa hannu.

Dafa-dukar ba ta nuna ba sai da rana ta karkata. Na sauke murfi, na ɗanɗana, na ƙwala kira. Babban ya zo da gudu. Baban yara ya taso yana karkaɗe riga. Auta ba ta zo ba.

Na sake kira. Na ce wa yayanta, ina ƙanwarka? Ya ce ai yana tsammanin tana wurina. Ni kuma ina tsammanin tana wurinsa. Baban yara ya miƙe kai tsaye ya nufi rijiya, kuma a tafiyar tasa na gane abin da yake tunani. Murfin a rufe yake, da ƙwaɗo a jiki. Ya leƙa masai, ya leƙa cikin gida, ya leƙa ƙarƙashin mota. Na kira ta a karo na uku da iyakar ƙarfina, muryata ta shiga cikin itatuwan nan ba ta dawo ba.

A nan ne wani abu ya faru da ni wanda har yanzu nake tunawa fiye da komai. Na ji bakina ya buɗe zai ce, jama'a, ku taya ni. Har na juya ina neman katangar da zan leƙa. A garinmu in uwa ta kira ɗanta sau biyu bai amsa ba, na ukun ba ita kaɗai take yi ba. Maƙwabciya ta ɗauka ta bayan danga, ta gaba ta karɓa, kafin a jima wani mai dawowa daga gona ya ce ai ya gan shi a bakin rafi. Na juya, babu katanga, babu danga. Mu uku ne, sai waya da ba ta aiki, sai ƙofar ƙarfe can nesa.

Baban yara ya ce wa babban ya tsaya a jikin mota kada ya motsa. Shi ya bi hanyar da muka shigo, ni na zagaya baya. Tun daga saman gangarar na hango jan takalminta a cikin koren ciyawar nan.

A kwance take rigingine, hannuwanta a miƙe a gefenta, idonta a rufe. Ba a kan ƙasa take kwance ba, a cikinta take. Wurin ya ɗan lotsa, kamar inda aka daɗe ana kwanciya a tsohuwar katifa, kuma lotsawar ta yi daidai da tsawonta, daga kai har ƙafa, babu ragi babu ƙari. A wajen ƙafarta akwai ɗan ƙaramin dutse a tsaye. A saman kanta kuma akwai rami ja, sabo, wanda na san hannun da ya yi shi.

Ban iya kiran sunanta ba. Na durƙusa na ɗora hannu a ƙirjinta. Sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Shh, Mama, I'm sleeping. Gadona ne. Dubi, daidai ni." Ta tashi zaune, ganye a gashinta, ta fara nuna mini da yatsa. "Ga na Baba can, babba. Ga naki. Ga na Yaya. In mun dawo nan kowa yana da nasa."

Na ɗaga kai na bi yatsarta. Ɗazu rana na bisa, ban ga komai ba sai ciyawa da duwatsu. Yanzu da ta karkata, inuwa ta kwanta a cikin kowace lotsawa, sai ga su sun fito sarai, a jere, layi bayan layi, duk sun miƙe fuska ɗaya, kowanne da dutse a kai da dutse a ƙafa. Wasu dogaye, wasu gajeru. Gajerun sun fi yawa. Mu a wajenmu kabari tudu ne, da itace ko fasasshiyar tukunya a kai, kuma kowa ya san inda maƙabarta take tun yana yaro, ba a tsintarta a bayan gida. Ban taɓa kawowa a raina cewa dutsen da ke tsaye a daji wani ne ya kafa shi don kada a manta da wani ba.

Na ɗauke ta cak na rungume. Tana ta zillo tana cewa in sauke ta, gadonta ne. Na ce, "Ba naki ba ne. Akwai mai shi." Sannan na yi musu sallamar da ake yi wa mutanen maƙabarta, a makare, na hau gangarar da baya-baya.

Baban yara ya sauka ya gani da idonsa. Ya daɗe a tsaye, ya cire hula ya mayar, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Da ya dawo muka tsaya a kan murhun muna kallonsa. Tukunya na zaune daram a kai, ko kaɗan ba ta karkata ba. Na sauke ta, na janye itacen, na yi ta kwara ruwa, duwatsun suna tsuwa suna fitar da tururi. Ya ce abincin halal ne, a ba yara su ci. Na zuba musu. Ni kam ko loma ɗaya ban ci ba.

Da suka huce na kai su bakin rijiya, na sa yashi na yi ta dirza. Baƙin ya ƙi fita. Dutsen da ya yi shekarun da Allah kaɗai ya sani a tsaye, ruwa ya dake shi, ƙanƙara ta dake shi, bai canza ba, ni a wuni ɗaya na ƙona masa fuska. Muka ɗauka muka mayar. Na ƙaramin kabarin ban yi shakka ba, shi ne mafi ƙanƙanta, ya zauna a raminsa daidai. Sauran biyun ne suka rikita mu. Muka gwada wannan a nan, muka sauya, muka sake sauyawa. Baban yara ya ce haka ne daidai, na bar shi a haka don rana na tafiya. Har yau ban tabbata ba. Mutum biyu, abin da ya rage musu a duniya dutse ɗai-ɗai ne, kuma mai yiwuwa na musanya musu. Wannan yana damuna, ba zan ɓoye ba.

Dattijon ya dawo kafin Magariba. Ni na tare shi, ban ma jira Baban yara ya yi masa irin gaisuwar tasa mai tsawo ba. Na ce me ya sa bai gaya mana akwai kaburbura a bayan gidan ba. Ya cire hularsa ya sosa kai, kuma na ga alamar da gaske mantawa ya yi, abin da ya fi ƙarya muni a wurina. Ya ce kakansa ya gaya masa na bayin da suka yi bauta a nan ne tun zamanin da wurin yake gona, da wasu daga zuriyarsu bayan an 'yanta su. Babu takardar da ke da sunayensu. Ya ce yana yaro akwai wata tsohuwa baƙar fata da takan zo duk shekara ta share wurin, ta zauna ta yi shiru, ta tafi. Wata shekara ba ta zo ba, daga nan babu wanda ya sake zuwa. Danginta sun watse, wasu cikin gari, wasu arewa. Ya ce doka ta hana a taɓa wurin, amma ai ɗan lungu ne, sauran filin namu ne mu yi yadda muke so. Ya ƙara da cewa ba sa damun kowa. Ban gaya masa abin da na yi da duwatsun ba.

A mota yaran suka yi barci tun kafin mu hau kwalta. Na ɗauka maganar ta mutu, saura in ji ya ce ai na gaya miki. Sai na ji ya ce, "Ni fa ina son wurin nan."

Na juya na dube shi.

Ya ce, "Mamaci ba ya cutar da kowa, ke ma kin sani. Gidanmu na birni, bayan katangarmu maƙabarta ce, a nan muka girma. Kuma ki duba, mutanen nan babu mai share musu. Wa ya sani ko mu aka turo? Mu kewaye wurin, mu riƙa yi musu addu'a. Yaran su tashi sun san mutuwa, sun san ruwa daga ƙasa yake fitowa. Ba abin da kike so ba kenan?"

Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma rabinsa daga bakina ya ɗauka. Na ce ni ba tsoron matattu nake yi ba, ba kuma aljanu ba.

Ya ce, "To mene ne?"

Na ce, "Na kira ta, Baban Auta, babu wanda ya taya ni kira."

Da na fara kuma sai na kasa tsayawa. Na ce na shekara ina tsammanin itace nake kewa, da rijiya, da duhun da babu fitila. Ashe duk waɗannan a gefe suke. Garinmu babu wuta, amma ba a taɓa yanke shi daga mutane ba. Na ce ka dubi waɗanda ke kwance a can. Ba su kaɗan ba ne. Sun isa su ɗauki juna, su jera juna layi-layi, su dasa wa juna ciyawa mai fure, kuma duk da haka ga yadda suka ƙare, wata baƙuwa ta zo ta ɗora tukunya a kansu. Mu mu huɗu ne. Na ce in na faɗi a can, wa zai yi mini wanka? Auta?

Muka ci gaba da tafiya har muka fara ganin fitilun gari. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Shekara guda kina ja na. Ranar da na iso sai na tarar kin tashi." Maganar ta soke ni, don haka ne. Na ba shi haƙuri, kuma ban saba ba.

Da muka shiga gida Auta ta farka, ta ruga da gudu daga ƙofa zuwa ɗaki. Kafin ta kai, sandar nan ta fara daga ƙasa. Na tsaya a tsakar falo da tukunya a hannu ina jin dukan a tafin ƙafata. Ban ce na so matar ba daga ranar, har muka tashi ba mu taɓa gaisawa ba. Amma akwai wadda ta san 'yata ta yi gudu.

Bai daina maganar nan take ba. Ya yi makonni yana tada ta, yana zana inda za a yi lambu, yana cewa ko gwaji mu yi na rani ɗaya. Ni ce na tsaya na ce a'a, ni da na fara. A ƙarshe ya kira dattijon ya ce mun fasa. Da wa'adin hayarmu ya cika muka koma unguwar Glenwood, cikin wani tsohon ƙaramin gida mai ɗan fili a baya. Gidajen a matse suke, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa yarhamukallah. Ɗalibai na wucewa a kan keke, bas na tsayawa a kusurwa, wata tsohuwa a tsallaken titi tana wuni a baranda tana lura da shigar kowa da fitarsa. Da can da ta ba ni haushi. Yanzu ni nake fara ɗaga mata hannu.

Na kafa murhu a bayan gidan, amma da bulo uku na siminti da na saya a shago, aka ba ni rasit. Ban ƙara cire dutse daga ƙasa ba a ƙasar nan, ko tsakuwa ce. Wani lokaci in ina fifita wuta nakan tuna maganar Baban yara, cewa wa ya sani ko mu aka turo. Ban san wanda ya sayi filin ba. Ban san ko ya ga duwatsu uku masu baƙar fuska ya tambayi kansa dalili ba. Nakan yi musu addu'a daga nan, ban san ko sun yafe mini ba.

Na ɗauka Auta ta manta, don ba ta sake tada zancen ba, mu ma ba mu yi mata ba. Sai wata Lahadi da rana, na gama dafa-duka a bayan gida, na ƙwala musu kira. Ta zo da gudu ta tsaya a kaina tana kallon tukunyar, tana kallon bulon.

Ta ce, "Mama, mai gadon nan na daji, kin ce akwai mai shi. What's her name?"

Na ce ban sani ba.

"Baba ya sani?"

Na ce babu wanda ya sani.

Ta murza gefen rigarta. Sannan ta ce, "To wa yake kiranta in an gama abinci?"

Na ce ta je ta wanke hannu. Ta juya ta tafi, na bi ta da kallo har ta shige kicin. Sai na sake kiran sunanta, ba don ina da aike ba, don dai in ji ta amsa.